Karanta Takardun Tsohuwar Mota Kafin Ɗaura Mata Tirela: Jagora ga Direbobin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Difa, ita ce ta ɗinke gundumomi uku na jihar Maraɗi da wannan bayani ya shafa, domin tana ratsa Gidan Rumji daga yamma kafin ta iso Maraɗi, sannan ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa ta wuce Tasawa. Sai dai kwalta ba ta kai ga yawancin ƙauyukan da ake noma gero da wake da gyaɗa da riɗi da aya ba, saboda haka amfanin gona yakan fara tafiyarsa a kan amalanken shanu, ko kuwa a bayan wata tsohuwar mota da ta haura shekara talatin tana aiki, ta kan burji ko rairayi tsantsa. Wasu masu irin waɗannan motoci sun ga cewa ɗaura ƙaramar tirela ya fi sayen mota ta biyu sauƙi, musamman da kaka, lokacin da buhuna kan fi wurin ɗora su yawa. Tirela a nan tana nufin akwatin kaya mai taya biyu ko huɗu wanda ba shi da inji, wanda direbobin Nijar suka fi kira rimok bisa lafazin Faransanci, ba doguwar motar nan mai ɗaukar siminti da taki ba.

Takardun da kamfani ya buga tare da mota, waɗanda tsofaffin direbobi da makanikai kan adana a akwati don sha'awa, su fito da su a wurin hira ana gwada hoton Peugeot 404 da na 504 ana gardamar wadda ta fi juriya, kayan aiki ne kamar sifana da jak, kuma babu inda amfaninsu ya fi bayyana kamar ranar da za a sa mota ta ja nauyin da ba a jikinta yake ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inji yana iya motsa kayan da suka ninka nauyin motar, kuma wannan ne ke ruɗin mutane har su ɗauka cewa duk abin da ya motsu ya jawu. Abin da ke yanke iyaka shi ne birki da shasi da zaman kaya, waɗanda ba a ganin gazawarsu sai ranar da jaki ko yaro ya faɗo kan hanya ba zato.

Matakin farko shi ne sanin asalin motar, domin suna ɗaya yakan ɓoye motoci mabambanta. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968, kuma sun shigo wannan yanki ta ƙofofi uku. Akwai waɗanda aka haɗa a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975 kuma ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, suka ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa. Akwai waɗanda matasan Turai suka tuƙo ta Sahara a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit da Agadas, suka sayar suka koma gida a jirgi. Akwai kuma na hannu da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Motocin daji irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948, da Toyota Land Cruiser samfurin 40 da aka yi daga 1960 zuwa 1984, da samfurin 70 da ya gaje shi, da Hilux, da yawansu sun fara hidima ne a ma'aikatun gwamnati da ayyukan raya karkara kafin a yi gwanjonsu. Ita 504 kaɗai ta zo da injin fetur mai santimita kubik 1796, daga baya mai 1971, da kuma injin gas, sannan ta zo a siffar ƙaramar mota mai but, da doguwa mai kujeru jere uku, da a-kori-kura wadda ake ce wa bashe, kuma sifirin ɗin baya na kowace siffa daban yake. Wanda ya ɗauki adadi daga takardar wata siffa ya ɗora a kan wata ya yi lissafi a kan motar da ba tasa ba.

Takardun iri uku ne. Katalog, wato takardar talla mai launi da dillali kan miƙa wa mai niyyar saye, ita ce ta fi ɗaukar ido, kuma ita ce ake fara bi da taka tsantsan, tun da an tsara ta ne don ta sayar da mota. Peugeot ya daɗe yana cin moriyar nasarorin da 404 ta samu a tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, da wadda 504 ta samu a 1975, amma motocin tsere an ƙarfafa su ne musamman, kuma hoton mota tana tashi sama a kan jar ƙasa ba ya faɗa wa manomi buhu nawa zai ja. Amfanin katalog yana shafin ƙarshe, inda ake jera tsawo da faɗi da nauyi da girman taya cikin ƙananan haruffa, kuma sau da yawa a ƙara nauyin tirelar da aka yarda a ja, mai birki da marar birki. A ƙasan bangon baya akan sami wata da shekarar bugu, kuma harshen da aka rubuta ta da shi yana nuna kasuwar da aka yi wa, abin da ke da muhimmanci domin motocin da aka tanada wa Afirka sukan bambanta da na Turai a sifirin da matatar iska da farantin kare ƙasan inji. Na biyu shi ne littafin direba, ɗan ƙaramin da ke zama a aljihun gaban mota, wanda ke faɗin yawan iskar taya idan an yi lodi, da nauyin da aka yarda wuyan tirela ya danna bayan motar da shi. Na uku shi ne littafin makaniki, kuma wanda ya fi yaɗuwa a ƙasashen da ke aiki da Faransanci shi ne Revue Technique Automobile, wanda ake bugawa a Faransa tun 1946, kowace fitowa a kan samfurin mota guda, da zanen shasi da na wayoyin lantarki da ƙarfin da ya kamata a ɗaure kowane noti da shi.

Takarda mai shekara arba'in tana da maƙiya uku a wannan ƙasa, gara da laimar damina da zafin cikin mota, saboda haka ya fi kyau a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a yi kwafin shafukan adadi a rufe su da leda su zauna a mota, ita kuwa ta asali a ajiye ta a akwatin ƙarfe nesa da bango da ƙasa, ba tare da an manna mata leda da zafi ba, domin hakan ba ya warwaruwa.

Idan takardu sun saɓa wa juna, ko kuma babu su sam, hukunci yana ga ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya kafe a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofa. A tsofaffin motocin Faransa akan ga haruffan PTC ko PTAC, waɗanda ke nufin iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, mutane da mai da kaya, da kuma PTR ko PTRA, wato iyakar nauyin motar da tirelarta a haɗe. A motocin da suka biyo baya akan ga layuka huɗu na lambobi ba haruffa: na farko nauyin mota da lodi, na biyu nauyin mota da tirela, na uku abin da aksul ɗin gaba ke ɗauka, na huɗu na baya, shi kuwa aksul shi ne sandar ƙarfen da tayoyi biyu ke juyawa a kanta. Takardar mallaka da ake kira kat giriz tana maimaita wasu daga cikin waɗannan adadi, kuma wajibi ne lambar shasin da ke cikinta ta yi daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfe. Akwai wani adadi a kat giriz da ke yawan ruɗarwa, wato CV, wanda ake fassarawa da doki: 404 tana da 9, ita kuma 504 mai lita biyu tana da 11, amma wannan lissafi ne na haraji da inshora, ba ma'aunin ƙarfin inji ba. Haka nan idan an cire injin asali an sa wani mafi ƙarfi, kamar yadda ake yawan yi, iyakar ja ba ta ƙaru ba, tun da birki da shasi ba su canza ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A ƙaddara cewa farantin wata mota ya nuna kilo 1,800 a layin farko da kilo 2,900 a na biyu. Bambancin, kilo 1,100, shi ne nauyin tirela da kayanta a lokacin da motar take cike. Idan tirelar kanta tana da kilo 300 ba kaya, saura kilo 800, wato buhun gero takwas na kilo ɗari ɗari. To amma wannan adadi na tirela mai birki ne. Ƙa'idar da kamfanonin Turai ke bi ga tirela marar birki ita ce kada ta wuce kilo 750, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da babu kaya, duk wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi ake ɗauka. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200 tana da damar kilo 600 ke nan, kuma idan an cire nauyin tirelar sai a ga buhu uku kacal suka rage. Tazarar da ke tsakanin buhu takwas da buhu uku ita ce aikin birki, kuma abin ya shafi wannan yanki kai tsaye, domin tirelolin da masu walda ke haɗawa akan ɗora su ne a kan aksul ɗin tsohuwar mota, wanda gangar birkinsa tana nan amma ba a haɗa ta da komai ba. Tirela mai birki na gaske tana da wani bututu mai zamewa a wuyanta, wanda idan motar ta rage gudu tirelar ta tura gaba sai ya matse ya ja wayar birki da kansa. Wadda ba ta da wannan, ko wani tsari makamancinsa, marar birki ce komai girman tayoyinta.

Ko adadin da ke takarda ma an auna shi ne da sabuwar mota, a kan kwalta, a yanayi mai sanyi, bisa sharaɗin cewa za ta iya tashi daga tsaye a hawan da ya kai kashi 12 cikin ɗari. Ƙungiyoyin masu jan tirela a Ingila sun daɗe suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin tirela ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar. Motar da ta sha shekaru a kan gargada, wadda shokozobarta ta saki kuma sifirin ɗinta ya kwanta, ta cancanci rangwame fiye da haka, kuma rage kashi ɗaya cikin uku na adadin kamfani a duk tafiyar da za ta bar kwalta ba tsoro ba ne, sanin halin ƙarfe ne.

Mahaɗin da ke tsakanin mota da tirela shi ne wurin da ganganci ya fi yawa. Bamba ba wurin ja ba ce, haka ma siririn kwanon ƙasan but. Motoci masu shasi daban, kamar Land Cruiser da Hilux da Land Rover, suna da ramuka a ƙarshen shasin da aka tanada don wannan aiki, kuma a nan ake ɗaure ƙarfen ja da kusoshi masu ƙarfi, waɗanda ake ganewa da lambar 8.8 ko 10.9 a kansu. Ƙaramar 504 mai but ba ta da shasi daban, jikinta ne shasinta, saboda haka ƙarfen jan nata yana bukatar hannaye da za su miƙa ciki su kama wuraren da kamfani ya ninka ƙarfe, kuma littafin makaniki ne ke nuna su. Kafin a ɗaura komai a ƙwanƙwasa wurin da guduma: ƙarfe mai lafiya yana amo, wanda tsatsa ta ci kuwa yana amsawa a dushe yana zubar da ɓawo. Walda kai tsaye a kan shasi tana canza halin ƙarfen a gefen ɗinkin, kuma daga nan tsagewa kan fara, shi ya sa ɗauri da kusa ya fi.

Mahaɗi iri biyu ake gani. Na farko dunƙulen ƙarfe ne mai kama da ƙwallo, wanda kan tirela ke hawa ya kulle, kuma na Turai faɗinsa milimita 50 ne, na Amurka kuwa akwai mai inci biyu, wato milimita 50.8, da ƙarami mai milimita 47.6. Ido ba ya raba su, amma kan da aka yi wa 50 idan ya hau 47.6 zai zauna kamar ya kulle, sannan ya fice a gargadar farko. Ƙwallon Turai da ya cinye har ya gaza milimita 49 ya gama aiki. Tsayinsa daga ƙasa, idan mota tana da lodi, ya kamata ya kasance tsakanin santimita 35 da 42, ta yadda tirelar za ta zauna a miƙe, ba ta ɗaga kai ba kuma ba ta sunkuya ba. Na biyu ƙugiya ce da zobe, irin na motocin soja da taraktoci, wanda ya fi dacewa da kwazazzabo da tudun rairayi domin yana barin tirela ta karkata ba tare da ta murɗe motar ba, ko da yake yana fizga a tashi da tsayawa. Idan fil ne ake zurawa, wajibi ne ya kasance da makulli a ƙasa, kuma guntun rodin gini da aka lanƙwasa ba fil ba ne. Bayan haka sai sarƙa biyu, a gicciya su a ƙarƙashin wuyan tirela a maƙala su a shasi, domin idan mahaɗi ya kuɓuce wuyan ya faɗa a kansu maimakon ya soki ƙasa, kuma a bar musu tsawon da zai isa kwana amma ba zai ja ƙasa ba.

Zaman kaya ya fi yawansu tasiri a kan tuƙi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyi ya kamata ya kasance gaban aksul, mafi nauyi a ƙasa kuma kusa da tsakiya, ta yadda wuyan tirela zai danna mahaɗi da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na jimlar nauyinta, wato wajen kilo 40 ga tirela mai kilo 600. Ana iya auna wannan da sikelin rataye na 'yan kasuwar hatsi, a maƙala shi a wuyan a ɗaga zuwa tsayin mahaɗi. Idan nauyin ya koma baya, wuyan yakan ɗaga bayan motar, tayoyin baya su rasa riƙo, tirelar ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama. Idan kuma ya yi yawa a gaba, bayan motar ya durƙushe, gabanta ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana, fitilu kuma su haska sama su kashe wa mai zuwa ido. Ruwa yana da nasa hali: lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka duro mai lita 200 ya kai buhu biyu, kuma duron da ke rabi ya fi cikakke haɗari domin ruwan yana gudu gefe a kwana yana tura gaba a birki. Dabbobi a raba su da shinge a ɗaure su gajere. Mutane kuwa ba a ɗaukar su a tirela ko kaɗan, ko da ranar kasuwa ce kuma mota ta yi wuya, domin babu abin da ke kare wanda ke zaune a kan buhu idan mahaɗi ya saki.

Tayar tirela rana ce ke kashe ta kafin hanya ta cinye ta, tun da takan yi watanni a tsaye. A gefenta akwai rubutun da ya kamata a karanta: a taya mai 185 R14 C 102/100, lambar 102 tana nufin tana ɗaukar kilo 850, yayin da tayar ƙaramar mota mai lamba 88 ke ɗaukar kilo 560 kawai. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna faɗin mako da shekarar ƙira, misali 2315 na nufin mako na 23 na 2015, kuma wannan ya fi zurfin zane muhimmanci ga mai sayen taya ta hannu. Ana auna iska da safe kafin taya ta ɗumama. A ɗaga kowace ƙafa da jak a girgiza ta a juya ta, domin lilo ko gurnani alama ce ta boris da ya mutu ko ya bushe, kuma bayan tafiyar kilomita goma a tsaya a taɓa tsakiyar ƙafar da bayan hannu, a sake ɗaure notuna bayan kilomita hamsin.

Fitilu ba ado ba ne a hanyar da amalanke ke tafiya da dare ba haske, kuma hazo ke rufe ta daga Disamba zuwa Fabrairu. Soket mai baki bakwai, wanda ake samu a motocin da suka zo daga Turai, yana da tsari sananne: rawaya siginar hagu, kore siginar dama, ja birki, fari shi ne wayar da ke komawa jikin ƙarfe, baƙi da ruwan ƙasa fitilun baya na hagu da dama, shuɗi kuma fitilar hazo. Yawancin matsalar fitilun tirela daga farar wayar take, idan tsatsa ta shiga tsakaninta da ƙarfe. A bayan tirela akan kafa jajayen madubai masu kusurwa uku, waɗanda ke aiki ko wuta ta yanke. Ta fuskar doka, yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta sanya kilo 750 a matsayin iyakar tirela marar nauyi, kuma abin da ya haura haka yana iya shiga rukunin lasisi na E. Nijar ta sabunta dokar hanyarta a 2014, kuma ofishin sufuri na jiha da ke Maraɗi ne wurin tabbatar da lasisi da lambar da tirela ke bukata, sannan a tabbata takardar inshora ta ambaci tirelar.

A kan kwalta, gudu shi ne abin da direba ya fi iko da shi. Nisan da birki ke bukata yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka kilomita 60 zuwa 70 a awa sun ishi tsohuwar mota mai tirela, tare da barin tazara ninki biyu na wadda aka saba. Hanyar tana bi ta tsakiyar garuruwa, inda masu talla da babura da awaki ke cika bakinta, kuma a nan ake sauka giya tun daga nesa. Tirela tana yanke kwana ta ciki, don haka ake buɗe kwana fiye da yadda aka saba. Idan babbar mota ta gifta iskarta ta sa tirela ta fara kaɗawa, sai a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali har kaɗawar ta lafa. Taka birki da ƙarfi ko ƙoƙarin bin kaɗawar da sitiyari yana ƙara ta ne, kuma da zarar an tsaya sai a matsar da kaya gaba. A gangare giya ce ke riƙe mota, domin birkin ganga idan ya yi zafi yakan saki, kuma man birki yana shan laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jan kaya yana gwada lagireto da fambel da kuloci, kuma tafiyar asuba ta fi ta azahar. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya a bar inji yana aiki a hankali, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Barin kwalta wani karatu ne. A kwarin Gulbin Maraɗi wajen Tibiri da Gidan Rumji, da kwarin Gulbin Kaba, da hanyoyin ƙauyukan Gangara da Cadakori da Saye Sabuwa, rairayi yana riƙe tayar tirela kamar birki, kuma abin da ke fid da mota shi ne a zaɓi giya ta biyu tun kafin shiga, a tafi da gudu ɗaya ba canji, domin taka kuloci a tsakiyar yashi tsayawa ne. Rage iskar taya yana faɗaɗa tafinta, amma a mayar da ita da an hau ƙasa mai ƙarfi. Tirelar da faɗin ƙafafunta ya yi daidai da na motar tana bin sawun da aka riga aka danne, wadda ta fi ta faɗi ko ƙanƙanta kuwa tana huda sabon yashi, kuma wannan abu ne da ya kamata a gaya wa mai walda tun kafin ya yanka ƙarfe. Idan an kafe, a sauke kaya, a kwance tirela, a fid da motar, sannan a jawo tirelar da doguwar igiya daga wuri mai ƙarfi. Igiyar da wata mota za ta fizgo kafaffiya da ita ba a rataya ta a ƙwallon ja, domin ba a yi shi don fizga ba, kuma idan ya karye yana tashi kamar harsashi. Da damina ba a shiga korama sai an taka ta da ƙafa an san zurfinta da ƙarfinta, tun da ruwa yana ɗaga akwatin tirela ya ja bayan motar gefe, kuma boris mai zafi idan ya nutse yakan tsotsi ruwa, sai a sake masa giris.

Komawa da baya yana bukatar haƙuri da mai nuni guda ɗaya wanda direba ke gani a madubi. A ɗora hannu a ƙasan sitiyari, duk ɓangaren da hannun ya nufa can bayan tirelar zai nufa, kuma juyi kaɗan ya isa. Idan ta fara naɗewa sai a ja gaba a miƙe a sake. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin naɗewa, kuma filin ƙwallo da babu kowa shi ne wurin koyo.

Bayan kaka, idan aiki ya ƙare, a wanke tirelar musamman idan ta ɗauki taki, wanda ke cin ƙarfe, a ɗora aksul ɗinta a kan kututture don tayoyi su bar ƙasa, a rufe su daga rana da tsohon buhu, a shafa giris a ƙwallon ja a kife masa gwangwani, soket ɗin kuma a ɗaure shi a leda bakinsa yana kallon ƙasa.